Ranar da Taɓaryata Ta Tsaya

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Baba, mahaifin maigidana, ya rasu ranar Talata da hantsi a gidansa na Birnin Kudu, bayan jinyar da ta cinye rani guda. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Na jira sai da baƙi suka watse, aka naɗe tabarmi, sannan na ɗauki biro. Ni ba marubuciya ba ce. Ina gama sakandare aka yi min aure, tun daga nan hannuna ya fi sabawa da muciya. Amma kwana bakwai ina jin abin da ake faɗa a kansa, sai na ga idan na yi shiru, mutumin da na sani zai ɓace a ƙarƙashin yabo.

Masu gaisuwa sun zo iri-iri. Manyan 'yan siyasa suka cika layinmu da motoci, har mai kayan miya ya rasa inda zai kasa tumatirinsa. Duk wanda ya shiga zaure sai ya gyara murya kamar an miƙa masa lasifika. Mu mata muna tsakar gida, muna ji ta 'yar tagar zauren. Wani ya ce, "Yau an rufe rijiyar da Jigawa take ɗibar magana." Hajiya, matar marigayin, tana jan carbi ido a kumbure, ta karkato gare ni ta ce a hankali, "Wannan maganar marigayin ce. Shi ya tsara wa wani, ranar da wani malami ya rasu. Sunan gari kawai aka sauya."

Can wani ya ce, "Ba mutum muka binne ba, makaranta muka binne."

Hajiya ta ce, "Wannan ma."

Ban san sanda dariya ta kuɓuce min ba, ta haɗu da kuka, na cusa fuska cikin mayafi. Allah ya yafe mana.

Mutum ɗaya ne bai yi jawabi ba, abokin Baba na ƙuruciya. Sana'arsu ɗaya, amma duk jam'iyyar da Baba yake yi wa aiki, shi yana ɗayar. Baba yana ce masa Sarkin Zuƙi, shi kuma yana ce wa Baba Liman. Ya dogaro sanda har bakin ƙofar cikin gida, ya gai da Hajiya, sannan ya ce, "Hajiya, yanzu wa zan yi wa ƙarya ya gane?" Ya juya yana share ido da hannun riga.

Ni kuwa duk sallamar mace da na ji sai in ɗaga kai in duba. Yayata nake jira, wadda muke ciki ɗaya, tana aure a ƙauyenmu ta wajen Maruta, a ƙasar Gwaram. Shekara da shekaru ba ta tako gidan nan ba, saboda Baba. Abu na ƙarshe da ya roƙe ni shi ne in nemo masa yafiyarta, har ya cika ban yi ba. An aika mata da rasuwar. Talata ta wuce, Laraba ta wuce, shiru.

Bari in faɗi ko wane ne shi, sannan a gane.

Ina amarya aka ƙirƙiro jihar Jigawa. Wanda bai ga lokacin ba ba zai gane irin burin da muka ci ba. Kowa gani yake gobe za a wayi gari da famfo a ƙofar gidansa. Siyasa ta buɗe, 'yan takara suka fito kamar gwano. Baba tsohon malamin firamare ne, kuma ya yi karatun zaure mai zurfi, har ilimin balaga, wato sanin yadda ake jera magana ta shiga zuciya. Bai taɓa tsayawa takara ba, bai taɓa hawa duro ya yi lacca ba. Aikinsa shi ne ya ɗinka wa masu hawan maganar da za su saka. Yanzu akwai waɗanda ake kira sojojin baka, kuma ya tsani a haɗa shi da su. Yakan ce, "Su harbi suke yi. Ni tela ne."

Da safe ɗan takara zai zo da babbar riga, ya tuɓe takalmi, ya zauna gaban Baba kamar ɗan aji ɗaya. Ta tagar nan na yi karatun da ban yi a makaranta ba. Na ji yana cewa, "Tukunya kan duwatsu uku take zama. Na farko, wane ne kai a idonsu. Na biyu, me ke ci musu rai. Na uku, hujja. Hujjar ce ƙaramin dutse, amma ka cire ta ka gani, a ƙafarka miyar za ta zube." Yana hana su kama sunan abokin hamayya, wai talla ce kyauta. Yana cewa a bar wa jama'a kalmar ƙarshe su faɗa da kansu, domin maganar da mutum ya ƙarasa da bakinsa zai rantse tasa ce. Akwai wani Alhaji da ba ya iya jimla biyu bai ce "ni" ba. Baba ya ajiye kwano, duk "ni" ɗaya ya jefa tsakuwa. Kafin Alhaji ya gama, kwano ya kusa cika. Baba ya girgiza masa shi a kunne ya ce, "Alhaji, kai kaɗai za ka jefa ƙuri'ar? Ka ce mu, ko da a ranka ba ka nufin kowa."

Wadda ya fi maimaitawa ita ce, "Jama'a ba sa jin dubu, ɗaya suke ji. Ka ce mutum dubu suna wahala, a yi hamma. Ka ce wata tsohuwa, a gyara zama." Da na san inda wannan karatun zai kai mu, da na toshe kunnena.

Tsakanina da shi akwai kunya irin ta surukai. Ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. Ko ina durƙushe a gabansa, ta wajen Hajiya yake min magana: "Ki ce wa 'yar Gwaram miyar jiya ta yi." Wata rana da hantsi yana zaure shi kaɗai yana gwada wani jawabi da ƙarfi, ni kuma ina dakan fura a gindin katanga. Ya zo kan wata jimla a kan manomin da ya noma gero ya ƙare da sayen tsaba, ban sani ba ashe na tsaya, taɓarya a sama. Sai muka ji, "Hajiya! Wa ke daka?"

"'Yar Gwaram ce."

"Me ya tsai da ita?"

"Ga ta nan, ka tambaye ta mana."

Ya ce, "A'a, ta riga ta ba ni amsa."

Daga ranar ya mai da gwajinsa lokacin dakana. Idan ya karanta taɓarya ta ci gaba da sauka, sai ya soke layin. Idan ta tsaya, ya ajiye shi. Ya taɓa ce wa maigidana, "Malamai suna yaba min don kunya, 'yan siyasa don buƙata. Taɓaryar 'yar Gwaram ce kaɗai ba ta san ni ba." Ba zan ɓoye ba, abin ya yi min daɗi. Ina daga cikin gida, ba wanda ya san sunana, amma maganar da ta tsai da hannuna ita za a ji a kasuwar Wurno da Sundimina, maza dubu suna tafi.

Sai daminar nan ta zo. Ɗan Yaya na goye ya kamu da zazzaɓi mai zafi. Tsakanin ƙauyenmu da asibitin sha-ka-tafi akwai rafi, da rani ko idon sawu ba ya rufewa. Ranar an kwana ana ruwa, rafi ya kawo, masu fito suka ce ko da gora ba mai shiga. Ta tsaya a gaɓa tun hantsi. Kafin ruwan ya janye, yaron ya koma.

Na je mata gaisuwa na kwana uku. Ba ta yi wa kowa bayani ba sai ni. Muna zaune a ɗakinta ta ce, "Ina hango kwanon asibitin yana walƙiya a tsallake, bayana kuma yana ta yin sanyi." Iyakar abin da ta faɗa ke nan.

Da na dawo Birnin Kudu, maganar ta ƙi barin ƙirjina, na zauna a tsakar gida na zayyana wa Hajiya ina kuka. Na manta da taga.

Bayan kamar sati biyu, ina daka, Baba yana gwada jawabin wani ɗan takarar majalisa. Sai na ji ya sassauta murya ya ce, "Wata uwa a ƙasar nan ta tsaya a bakin rafi. Tana hango kwanon asibiti yana walƙiya a tsallake, bayanta kuma yana ta yin sanyi."

Taɓaryata ta tsaya. Ta tsaya ne domin na ji asirin 'yar'uwata a bakin namiji. Shi kuwa abin da ya saba fahimta ya fahimta. Na ji ya ce, "Alhamdu lillahi, ta shiga." Na ji ƙarar takarda yana ninkewa.

A nan laifina yake. Taku goma ne tsakanina da ƙofar zaure. Ko Hajiya ce da na ce wa, "Ki ce wa Baba kada ya yi," da ya fasa, na san halinsa. Amma yaya suruka za ta gyara wa uban miji magana? Na tsaya ina juya abin har azahar, har washegari, har motar kamfen ta tashi.

A kasuwar kusa da ƙauyenmu aka yi laccar, ranar da Yaya ta fara fita tun bayan rasuwar ɗanta, ta kai ƙuli-ƙuli. Ɗan takara ya hau duro ya zuba maganar kamar yadda aka ɗinka masa, har da share hawaye. Sannan ya bar musu kalmar ƙarshe.

"Me take hangowa?"

"Asibiti!"

"Me ya raba su?"

"Ruwa!"

"Wa zai yi muku gada?"

Kasuwa ta ɗauki sunansa. Bai ambaci Yaya ba, amma a yankin wa bai san wace uwa ba ce? Mata suka dinga juyowa suna kallonta. Ta bar tiren a wurin ta tafi gida.

Ɗan takarar ya ci zaɓe da rinjaye. An zo an kafa harsashin gada, an yi kiɗa, an ɗauki hoto. Bayan wasu shekaru wani ya zo ya sake kafa wani harsashin kusa da na farko. Har yau da nake rubutun nan, awaki ne suke hawa kansu. Abin da ya fi ciwo, maganar ba ta mutu da zaɓen ba. Ta zama abin wasa. Saurayi ya ga budurwar da ta fi ƙarfinsa sai ya ce, "Ina hango asibiti." Mai cefane ya taya nama ya kasa saya, "Ina hango asibiti." A bakin rijiya Yaya take jin wannan, daga bakin yaran da ba su ma san asalinta ba.

Ba ta yi faɗa da ni ba. Ina ma ta yi. In na je gida mu gaisa, ta tambayi yara, ta ba ni daddawa in taho da ita. Amma ba ta ƙara faɗa min abin da ke ranta ba, kuma ko suna aka yi a gidanmu, sai dai ta aiko.

Abokinsa ne ya fara gaya wa Baba gaskiya, a zauren nan, bayan zaɓe. Ya shigo yana dariya ya ce, "Liman, barka. Ka ci mu da gawar yaro."

Baba ya ce, "Ƙarya na yi? Rafin bai kawo ba? Yaron bai mutu ba?"

"Ai da ƙarya ka yi da sauƙi. Ni ƙarya nake yi, in an gama zaɓe ta bushe ta kaɗe. Kai gaskiyar mutane kake ɗauka ba ka tambaye su ba. Ka san uwar ko?"

Baba ya san 'yar'uwata ce, amma a lissafinsa taimakonta yake yi, gada za ta samu. Ya kori abokin nasa, suka yi shekara ba sa ga-maciji. Wanda ya fara zuwa biko Baba ne, da ƙwaryar goro, ya ce, "Sarkin Zuƙi, sau ɗaya ka faɗi gaskiya a rayuwarka, kuma a kaina ta faɗo."

Bai bar sana'ar rana ɗaya ba, a hankali ta fita daga ransa. 'Yan takara suna zuwa, jam'iyyu suna sauya suna, mutanen dai su ne. Yakan saurari lacca a rediyo ya ce, "Wannan rigar ni na ɗinka ta, ga shi mutum na huɗu ke sa ta, ko wanki ba a yi mata ba." Daga baya ya daina karɓarsu sam. Waɗanda ya ci gaba da karɓa su ne masu ƙaramar buƙata: gwauruwar da za ta je gaban mai unguwa kan iyakar gona, ɗalibin da za shi neman aiki, magidancin da za shi biko. Bai taɓa karɓar ko goro a hannunsu ba. Masu biko kuwa darasi ɗaya yake ba su: "Ka ce na yi kuskure, ka rufe bakinka. Duk abin da ka ƙara, ragewa zai yi."

Shi ne kuma ya kasa bin darasin. Sau uku, a shekaru daban-daban, ina daka na ji ya ɗaga murya daga zaure yana karanta wasiƙar ban haƙuri zuwa ga Yaya. Wallahi ban taɓa jin magana mai kyau irin ta ba. Duk sau ukun taɓaryata ta tsaya, hawaye na zuba cikin turmi. Duk sau ukun kuma sai in ji kyaaat, ya yaga. Na ƙarshen na ji yana ce wa Hajiya, "Ta tsaya. Ke nan wannan ma sana'a ce. Na rasa yadda zan yi magana ba tare da na yi dabara ba. Bakina ya lalace, Hajiya."

Da ciwo ya kwantar da shi, ranar wata Juma'a na kai masa kunu. Hajiya tana gefensa. A karo na farko bai bi ta wajenta ba. Ya ce, "'Yar Gwaram." Na ce, "Na'am, Baba." Ya ce, "Ki roƙar min yayarki. Ke ba ki iya magana ba, za ta yarda da ke."

Na ce to. Amma zuwa wurinta yana nufin in buɗe baki in ce daga wurina maganar ta fita, kuma na ji an gwada ta ban hana ba. Na ce sai an gama girbi. Na ce sai jikinsa ya yi sauƙi in samu fita. Mutuwa ba ta jira na gama shiri ba.

Ranar Alhamis, ranar sadakar uku, muna tsakar gida an jiƙa gero za a daka gumba, sai na ji sallama. Muryar ta tsufa, amma ko a cikin kasuwa zan gane ta. Yaya ta shigo da ƙullin gero a ka, ta sauke, ta durƙusa gaban Hajiya ta yi mata gaisuwa. Hajiya ta riƙe hannunta ta ce, "'Yata, ya tafi da nauyinki a zuciya. Don Allah, in da hali."

Yaya ta ce, "Ai ya zo."

Muka dubi juna. Ba wanda ya sani.

Ta ce, "Daminar bara. Rafin ya ɗan kawo, har gwiwa. Yara suka ce ga wani tsoho ya tsallako da ƙafa, ya naɗe wando, takalmi a hannu. Ya yi sallama a ƙofar gida, maigidan ya shimfiɗa masa tabarma. Na leƙo ta zana na gan shi. Ya ce, 'Ni ne.' Na tsaya ina jira in ji da wace zai zo, domin na san bakinsa. Na riga na ɗaure zuciyata tamau. Hajiya, tun azahar har la'asar mutumin nan bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Yana zaune, wando a jiƙe, yana kallon hannunsa. Da aka kira salla ya tashi ya yi, ya ɗauki takalminsa ya koma ta cikin ruwan."

Na tuna ranar. Ya ce mana za shi duba wani tsohon ɗalibinsa, ya dawo da tari.

Hajiya ta ce, "To, kin yafe?"

"Tun yana tsakiyar rafin a hanyar komawa. Da ya yi magana, da ban yafe ba." Ta goge ido. "Sai dai ban aika an gaya masa ba. Na ce shi ma ya ɗan hango, ya ji yadda ake ji. Ban san ba zai kai wata daminar ba. Wannan kuma ni ce zan nemi gafarar Allah."

Na matso kusa da ita, na ce, "Yaya, a wurina ya ji. Kuma ya gwada a gabana, ban hana ba."

Ta dube ni kamar yadda take dubana muna yara in na fasa ƙwarya. Ta ce, "Da wa kike zaton na faɗa wa, bayan ke? Shekara nawa ina jira ki faɗa da bakinki."

Na buɗe baki zan ƙara wani abu, sai na tuna darasin masu biko. Na ce, "Na yi kuskure." Na yi shiru.

Ta miƙe, ta ɗaura mayafinta a ƙugu, ta ɗauki taɓarya ɗaya ta miƙo min ɗaya. Ta ce, "Tashi. Geron nan ba zai daka kansa ba."

Muka daka gumbar sadakarsa a gindin katangar nan, ƙarƙashin tagar, tana saukewa ina ɗagawa. A zaure wani babban mutum da ya makara ya iso, ya gyara murya ya fara jawabi. Muryarsa tana fitowa sarai. Har ya gama, ba wadda ta tsaya a cikinmu.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka ba takarda a hannu. Ka san abin da ya faɗa, ka san abin da ya yaga, ka san wunin da ya yi shiru. Ka auna masa da wunin nan. Ka yalwata kabarinsa, ka sanyaya makwancinsa, ka haɗa shi da yaron da bai tsallake ba a inda babu rafi tsakani. Mu kuma da muka rage, ka ba mu ikon faɗar abin da ya kamata tun mai ji yana da rai. Amin.